Kuɗin 'yan ci-rani: shin yana gina ƙasa ko cinyewa kawai ake yi?

Malam, ka tambaya ko kuɗin da 'yan ci-rani ke turowa gida yana da wani tasiri ga tattalin arziƙin ƙasa, tunda mafi yawansa a abinci da biki yake ƙarewa.

Yana da shi sosai. Najeriya kaɗai tana samun kusan dala biliyan 20 a shekara ta wannan hanya, a ƙididdigar Bankin Duniya. Shi ya sa a 2021 Babban Banki ya ɗauki matakin ba wa mai karɓa naira 5 a kan kowace dala da ta shigo ta hanyar hukuma, don a janye mutane daga 'yan canjin bayan fage.

Batun cinyewa kuwa, ban ga laifinsa ba. Matashin Tahoua da ke Abidjan in ya turo kuɗi da damina, iyalinsa ba za su sayar da tunkiya ko su ci irin shuka ba, kuma mai hatsi a kasuwar ƙauye ya yi ciniki.

Abin da ke damuna shi ne kuɗin aikawa. Zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ana cire wajen kashi 8 cikin ɗari, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya tana son ya sauko ƙasa da kashi 3 zuwa 2030.