Muryar Goggo a guruf ɗin gida: suyar naman Sallah irin ta Inna

Assalamu alaikum jama'ar gida, ya shirye-shiryen Sallah. Amarya, ke nake yi wa wannan muryar. Na ji saƙonki tun daren jiya, na bari ne sai na zauna a tsanake. Kin ce a koya miki yadda Inna, Allah Ya jiƙanta, take soya naman Sallah ya kai har Cika-ciki bai canza ba. Sannan can ƙarshe kika ɗan sassauta murya, kika ce ai bana ma ba rago kuka yi ba, watanda maigidanki ya shiga, kashi ɗaya. To ni wannan ta ƙarshen na ji, kuma ita ce tambayar. Tun kina zanen goyo na san ki. Kunya kike ji, Sallarki ta farko a ɗakin miji, kina lissafin ɗan abin da za a kawo, kina cewa in na raba me zai saura, in ban raba ba me dangin miji za su ce.

Ki cire wannan daga ranki. Layya ta mai hali ce, wanda bai samu iko ba babu laifi a kansa ko kaɗan. Kuma wa ke da halin yanzu? Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, saura wata ɗaya Sallah, kuɗin mota kaɗai ya hau kan rago ya zauna. Ragunanmu da yawa daga Nijar suke shigowa, ta Maigatari da Mai'aduwa da Illela, a 2025 kuma gwamnatinsu ta hana fitar da dabbobi gab da Sallah. Manyan magidanta na gani da idona sun je kara sun taya balami, sun koma kan ɗan yankasa, shi ma sun dawo gida hannu biyu. Mijinki da ya yi dabarar watanda ya yi ƙoƙari, in ya shigo da naman ki tare shi da fara'a, ki ce Allah Ya ƙara buɗi. Kar ki bari ya ga ko alamar raini a fuskarki, namiji ba ya manta irin wannan.

Abu ɗaya dai, kar ku kira ta layya kai tsaye. Mu a karatun da Baba Malam ya yi mana na Malikiyya, ba a haɗa kuɗi a dabbar layya. Wasu malaman kuma sun ce mutum bakwai za su iya haɗuwa a kan sa guda, suna da hadisinsu. Watandar unguwa kuwa sau da yawa mutanen sun fi bakwai nesa ba kusa ba, nama ne na ci, halal ɗinku, shi ke nan. Baba Malam duk Sallah sai ya karanto mana ayar nan ta Suratul Hajji, cewa ba naman ne ke isa wurin Allah ba, ba jinin ba, tsoron Allah da ke zuciya shi ke isa.

To bari in ba ki suyar, tunda ita kika ce.

Naman sa ne naku, ya fi na rago tauri, don haka kar ki yi masa gaggawa. Mu a gidan Inna ranar Sallah kayan ciki kawai ake taɓawa, hanta da ƙoda da tumbi, ragon kuma a rataye shi ya kwana ya tsane, sai washegari a yayyanka naman. Ke ma in an kawo, ki baza shi a kwando ya sha iska, jinin ya tsiyaye. Ki yanka manya-manya, don in ya sha wuta zai koma rabi. Ki zuba a tukunya da ruwa kaɗan, kaɗan fa na ce, nama da ruwansa yake zuwa. Gishiri, citta busasshiya, kanumfari, masoro, kimba guda biyu ki fasa ta, tafarnuwa, da albasa. Amma albasar ki yanka ta gida huɗu yadda za ki iya tsince ta tas kafin suya. Albasa ce ke lalata naman ajiya, ita da laima. Tumatir da tattasai kuwa kar su kusanci tukunyar nan. In ya yi laushi amma bai fara dagargajewa ba, ki kwashe a matsami ya tsane sosai. Romon kar ki zubar, za mu dawo kansa.

Kitsen ki ware shi tun farko, shi za ki fara narkarwa a kasko a wuta ƙasa-ƙasa. Inna da man kitsen take suya, ta ƙara man gyaɗa kaɗan. A zuba nama kashi-kashi, kar a cika kasko. Kin ga kumfar nan da ke tasowa, da ƙarar nan ta cuuu? Ruwa ne ke fita. Muddin tana yi, bai soyu ba. Sai kumfa ta kwanta, ƙarar ta yi ƙasa, naman ya yi ja ya yi duhu, kin ɗaga shi kin ji ya yi sauƙi a cokali. Inna da kunne take suya, tana can bakin rijiya za ta ce ke 'yar nan, kwashe, ya yi. Sannan a baza a tire ya huce har cikinsa, a lulluɓa ɗan ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda. Wadda ta rufe shi da zafi ta gama da shi, gumin nan da ke taruwa a murfi shi ne fumfuna. Washegari a zuba a kwalla busasshiya, ba a sa hannu a ciki, cokali busasshe.

Au, tsaya, in gyara wani abu. Lokacin da na tashi na ga Inna tana yi, Sallah cikin hunturu take faɗowa, Disamba zuwa Janairu, iskar kanta busar da nama take yi. Yanzu Sallah ta zagayo cikin zafi da farkon damina. Don haka ke duk bayan kwana uku ko huɗu ki juye shi a kasko ki sake ɗumama shi, ki bar shi ya huce, ki mayar. Kar ki ce Goggo ta ce wata guda yake yi, ki rufe ki manta.

To amma duk wannan ba shi ne sirrin Inna ba, kowace mace a cikin birni ta iya. Dokarta ɗaya ce: ba a ɗora kasko sai kwanuka sun fita. Ɗanyen naman ake fara kasawa, tana zaune a tabarma da faifai a gabanta tana kiran sunaye, na gidan liman, na gwauruwar nan ta ƙarshen lungu, na almajiran tsangayar bayanmu, na ungozoma, na mai kawo mana ruwa. Mu yara mu yi ta jigila har ƙafa ta gaji, ana ba mu tukuici. Sai an gama sannan ta kalli abin da ya rage ta ce alhamdu lillahi, wannan shi ne namu. Ta ce in ka soya kafin ka raba, ido ya riga ya ƙirga, hannu ba zai saki ba. Mahaucin da ya yi fiɗa ma kuɗinsa daban take ba shi, ba a biyan lada da naman layya, fatar kuma ba a sayarwa, makarantar allo ake kai wa.

Shekarar farin nan, shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, 1973, har zuwa ta bayanta, dabbobi sun mutu a arewa ba adadi, mutane daga Nijar suka cika gari suna neman abin sa wa a baka. Sallar da ta biyo baya Baba Malam bai yanka ko ɗan akuya ba. Ina yarinya amma ina tunawa. Aka dawo daga idi a Ƙofar Mata, gida tsit, babu hayaƙin babbaka. Can da yamma maƙwabta suka fara aikowa, wannan tsoka uku, wannan ɗan haƙarƙari. Inna ta tara su a faifai, ta yi wa kowane gida addu'a da sunansa, sannan, wallahi ina gani, ta raba abin nan biyu, ta ce a kai rabi masallaci wurin baƙin da ke kwana a can. Yaya Babba har da kukansa. Ta ce masa wanda aka ba shi bai ba wani ba, bai gode ba tukuna. Ta kawo ayar Suratu Ibrahim, in kun gode zan ƙara muku. Sauran ta yi miyar taushe da shi, ta yawaita romo, ta ce haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri, in ka yi miya ka ƙara ruwa ka tuna da maƙwabta. Gidanmu mutum nawa ne, kowa ya samu abin taunawa.

Shi ya sa abin da aka yi min shekarar da na fita takaba har yau yake ci min rai. Ba zan kama suna ba, mai abin ta san kanta. Ba ni da rago, ba ni da watanda, amma na ce ba za a yi Sallah kwanona bai fita ba. Na jiƙa shinkafa tun daren jajibere, na tashi da asuba na yi waina, na yi taushe da ɗan naman da aka aiko min, na zuba a samirar Inna, mai murfin nan mai fure, wadda ta faɗo a rabona. Na ba Auta ya kai. A gaban yaron ta buɗe, ta juya miyar da cokali tana neman nama, ta ce au, wannan ne? Yaro ɗan shekara tara. Ya dawo yana tambayata ko abincinmu ba shi da kyau ne. Ba sannu, ba tukuici, ko naira biyar. Yaba kyauta tukuici, Hausawa suka ce, ni ko yabon ban samu ba. Kuma gidan raguna biyu aka kayar, ko ƙashi bai fito ba, duk aka danna a firiza. Aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, naman ya yi kore, da daddare aka haƙa rami a bayan gida aka binne. Wallahi ban ji daɗi ba da na ji, raina ne ya ɓaci, abincin gida nawa ke nan a lungun nan? Samirar kuwa har yau ba ta dawo ba. Na aika sau biyu, aka ce ba a gan ta ba. Daga baya na je suna gidan na hango ta a tsakar gida an zuba wa kaji ruwa a ciki. Kwanon uwata. Ban ce komai ba, na sa takalmina. Ba kuɗinta ba ne, nawa samira take a Kasuwar Kurmi? A gidanmu kwano ba ya komawa wurin mai shi wayam, ko goro biyu ne sai an sa, ko ɗan cincin. To bari dai in bar maganar nan, na ce na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Ina nake ma? Romo. Romon nan shi ne jarinki bana. Ki dafa kabewa a ciki har ta narke, ki sa jajjagen tattasai da attaruhu, daddawa, ki dama niƙaƙƙiyar gyaɗa ki zuba, alayyafo da ɗan yakuwa su zo a ƙarshe, yakuwar kar ta yi yawa ta kashe miyar da tsami. Ƙasusuwan watandar duk su shiga nan. Da wannan miyar da waina, ko funkaso in wainar za ta ba ki wahala, kin fitar da kwanon surukarki da na maƙwabta biyu ba tare da kin taɓa tsokar kirki ba. Ki ɗora soyayye guda huɗu ko biyar a gefe a ɗan ƙaramin kwano. Surukarki ba yawan nama za ta duba ba, so take ta ga an tuna da ita da wuri, kafin azahar, kuma ke da kanki ki je gaisuwa ki durƙusa.

Sannan ki ware tsoka mara kitse ki yi dambu. Shi ne ke auki. Ki dafa har ya yi lugub, ki daka a turmi ya warware zare-zare, ki soya a mai kaɗan kina juyawa ba tsayawa, hannu zai gaji amma kar ki bari ya kama. Ɗan abin da ba zai ishi mutum uku ba in an yi dambunsa sai ya cika roba. Na so in ce ki ajiye wutsiya da kai na daren Cika-ciki yadda Inna take yi, ta babbake ta shafa gishiri ta rataye a saman murhu hayaƙi na bugu, sai na tuna ba rago ba ne. To ki ɗebi dambun nan ki ɓoye, in goma ga Muharram ta zo ki fito da shi, ya wadatar.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram su nasu daban ne, ragon sukutum suke buɗewa su soke a itace su jera a gefen wuta ya gasu yini guda, shi ma yana daɗewa. Wannan sai wata rana.

Yajin kar ki saya na kasuwa. Na daka da yawa, irin haɗin Inna, da ƙuli-ƙuli da citta da barkono. Ki turo ƙanin mijinki ranar Arfa bayan la'asar ya karɓar miki, ina gida, azumi nake ba inda za ni. Ki ba shi roba mai murfi. Zan haɗa miki da daddawa 'yar gaske, ta kalwa, da kimbar, don na san ba ki da ita. Ga kiran salla can, sai anjima.