Tambaya da Amsa: Ina Ake Kai Ruwan da Ake Zuƙowa Daga Kwal?

Tambaya: Ni manomin albasa ne daga jihar Tahoua. Na ji ana cewa a wasu ƙasashe ana fitar da iskar gas daga kwal ba tare da an haƙo shi ba, amma sai an fara janye ruwan ƙasa. Tunda muna da kwal a Salkadamna, me hakan zai yi wa rijiyoyinmu?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Iskar gas ɗin, wadda ake kira metan, tana manne ne a jikin kwal, kuma nauyin ruwan da ya cika tsagogin kwal ɗin shi ne yake danne ta, saboda haka sai an haƙa rijiya an sa famfo yana zuƙo ruwan har matsin ya ragu kafin iskar ta saki. Da fari ruwa ne kawai yake fitowa, wani lokaci watanni, sannan ya riƙa ja baya iskar tana ƙaruwa. Masu aikin ba sa gaggawa, domin idan aka zuƙa da ƙarfi tsagogin sukan matse, garin kwal kuma ya toshe famfo. Wannan ya bambanta da aikin kamfanin kwal na Sonichar a Anu Araren ta jihar Agadez, inda ake haƙo kwal ɗin kansa a buɗaɗɗen rami.

Babbar matsalar ita ce inda za a kai ruwan. Sau da yawa yana ɗauke da gishiri dangin kanwa, kuma ko da shanu sun sha ba su ƙi ba, idan aka yi ban-ruwa da shi a ƙasar laka irin ta fadamunku, ƙasar takan daskare, ta yi farin ɓawo, ruwa ya daina shiga. Manoman yankin Kogin Powder a Amurka sun daɗe suna kuka da wannan. A yankin San Juan, shi ma a Amurka, akan mayar da ruwan can ƙarƙashin ƙasa, ƙasa da inda ake samun ruwan sha. A Kwinsland ta Ostareliya kuwa ana tace shi a ba manoma, gwamnati ta hana dogaro da tafkunan da ake barin rana ta shanye, sai dai ragowar gishirin har yanzu nauyi ne a wuyan kamfanoni.

Game da rijiyoyinku, idan shimfiɗar kwal tana haɗe da wadda kuke ɗiban ruwa, to ruwanku zai sauka. Idan akwai laka mai kauri a tsakani, haɗarin ya ragu. A ganina, tunda ruwan ƙasa na yankinku, wanda ake kira Iullemmeden, Nijar da Mali da Nijeriya ne suka yi tarayya a kansa, bai kamata a yarda da irin wannan aiki ba sai an auna zurfin kowace rijiya da gishirinta, an rubuta a gaban hakimi da magajin gari, kamfani kuma ya sa hannu cewa zai haƙa sabuwa ga duk wanda tasa ta ƙafe, kwatankwacin abin da dokar Kwinsland ta tanada.