Tambaya da Amsa: Ina so in fita hutu ƙasar waje da iyali a jif

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, Allah ya ƙara basira. Ni ma'aikaci ne, ina da jif ƙirar Land Cruiser mai shan dizal, kuma na daɗe ina burin in kwashi iyalina mu je hutu wata ƙasa da mota, irin wanda ake shiga daji da sahara a kafa tanti a kwana, ba zaman otal ba. Yarana uku ne, babban shekararsa 12 ƙaramar kuma ko uku bata cika ba. Hutun da ake bani a wajen aiki sati uku ne kacal. Ina ta kallon hotunan Namibiya da Oman da Maroko har na rasa wacce zan zaɓa, wani abokina yace in sa motar a jirgin ruwa in tura ta can, uwargida kuma tace ita sam bata yarda da tafiyar ba saboda yarinyar. Don Allah ta ina zan fara? Daga Baban yara uku.

AMSA: Wa'alaikumus salam baban yara, amin na gode. Bari mu fara da shawarar abokin nan naka tunda ita ce zata fi cin maka kuɗi. Hutun sati uku ba a tura masa mota a jirgin ruwa. Motar zata yi makonni a teku, ta sauka kuma ka hau zirga-zirga tsakanin ejan da kwastam, kana otal da yara kana biyan kuɗin ɗaki ita kuwa tana kulle a tasha. Ƙofar kwantena ta yau da kullum tsayinta wajen mita 2.28 ne, jif mai kariyar ɗora kaya da tanti a sama bata shiga sai an kwance su ko a nemo kwantena mai tsayi. Ga kuma Carnet de Passages, takardar kwastam ce mai nuna cewa na ɗan lokaci ka shigo da motar ba sayarwa zaka yi ba, ƙungiyoyin masu motoci da ke ƙarƙashin manyan ƙungiyoyin duniya FIA da AIT ne ke bayarwa, shekara ɗaya take aiki, kuma sai ka ajiye jingina mai kauri gwargwadon darajar motar. Ana buga mata hatimi a shiga a buga a fita, in ka manta hatimin fita guda ɗaya to a takarda motarka tana can cikin ƙasar har yau, jinginarka ce zata ji a jikinta. Ba kowace ƙasa ke nemanta ba, amma irin su Indiya da Pakistan da Iran dole ce. Wannan ɗawainiyar ta mai tafiyar wata shida ce ko shekara.

Kai dai ku hau jirgin sama ku sauka ku yi hayar mota a can. A Windhoek babban birnin Namibiya akwai kamfanoni da yawa da wannan ce sana'arsu, zasu baka Hilux ko Land Cruiser da tanti biyu a kan rufi, da firij da tukunyar gas da safaya taya biyu. Amma fa ka zauna ka karanta yarjejeniyar layi-layi kafin ka sa hannu, domin inshorar yawanci bata ɗaukar taya da gilashin gaba sai ka ƙara kuɗi, wasu basa biya in ka kife kai kaɗai ba tare da wata mota ta buge ka ba, wasu kuma sun hana tuƙin dare kwata-kwata. Doka ta yarda da gudun kilomita 100 a hanyar burji a can, amma kamfanoni da dama 80 suke yankewa ko ƙasa da haka kuma akwai na'ura a motar tana rubuta gudunka, ka wuce ka yi haɗari inshora ta zare hannunta. In da niyyar leƙa Botswana ka faɗa musu tun farko su baka takardar izinin tsallaka boda da motar.

Takardu kuwa ba wahala in an fara da wuri. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, biza ka duba abin da ƙasar ta tanadar wa irin fasfonku. Lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa kala-kala ne, akwai na yarjejeniyar Geneva ta 1949 mai shekara ɗaya da na Vienna ta 1968 mai kaiwa shekara uku, kowace ƙasa da wanda take karɓa, kuma baya aiki shi kaɗai sai da lasinka na gida. Katin rigakafin cutar shawara tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma a yi ta kwana 10 kafin tafiya. Takardun haihuwar yara na asali ka sa su a jaka ɗaya da fasfo, Botswana tana tambaya ga duk wanda bai kai 18 ba.

To yanzu maganar uwargida, ni gaskiya ina bayanta rabi da rabi. Mutane suna tsara irin wannan tafiyar ne da ƙarfin mota, su duba taswira su ce kilomita 500 ai awa biyar ne, alhali ƙaramar yarinyar nan ita ce ya kamata ta yanke muku tsawon tafiyar kowace rana. A burji mai gargada inda haƙora ke haɗuwa da juna, ƙura na shigowa ta ko'ina, yarinya ɗaure a kujerarta ta gaji da zama ta fara kuka, kilomita 250 ma wuni guda ne. Ku tsaya duk bayan awa biyu su sauka su yi guje-guje, ku isa masauki da la'asar tun da sauran rana, saboda kafa tanti a duhu da yara masu jin yunwa babu daɗi, ga dabbobi da ke fitowa kan hanya da magariba. A Etosha, gandun namun dajin da ke arewacin Namibiya, ma dole ce, ana rufe ƙofar sansani da faɗuwar rana kuma ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka kewaye, wato in yaro yace fitsari sai dai ya riƙe ko a nemi dabara a cikin motar. Duk inda kuka je ku kwana biyu, tafiya sannu-sannu kwana nesa. Kujerar yarinyar ku taho da taku wacce ta saba, kuma ku ga likitan yara tun ana saura wata guda kan maganin rigakafin maleriya in zaku arewacin Namibiya. Sannan uwargida ta koyi sa fowil, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, da tuƙa motar, in zazzaɓi ya kwantar da kai a daji waye zai fito da ku?

Abin da ke kifar da motocin nan ba yashi bane, obalodi ne da gudu a burji. Akwai ɗan allo a jikin ƙofar direba da ke nuna iyakar nauyin da motar zata ɗauka, ka yi lissafi: ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, mutum biyar a lita biyar kullum na kwana huɗu kilo 100 kenan, kowace jarkar dizal kusan kilo 20, ga ku kanku ga firij ga tantuna. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa a tsakiya, kariya ta sama sai marasa nauyi, in ba haka ba wajen shan kwana motar zata yi tangal-tangal ta kwanta. In ta fara zamewa a burji kar ka danna burki da ƙarfi kar ka fizgi sitiyari, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali.

Yashi kuma sirrinsa iskar taya ne. Hanyar Sossusvlei, wajen manyan tuddan yashi a Namibiya, kwalta ce wajen kilomita 60 daga ƙofar shiga ta Sesriem, sai kilomita 5 na ƙarshe yashi mai laushi, nan zaka ga manyan jif-jif sun kafe har ciki direba na ta ba da wuta tayoyin na ƙara nutsewa, wani kuma da tsohuwar mota ya durƙusa ya sace iskar tayarsa zuwa bar 1.2 a ma'aunin iska ya wuce su salin-alin. Da ka ji ta fara kafewa ka tsaya, ka yi ribas kan sawunka. Shebur da igiyar jan mota da famfon iska mai aiki da batir dole ne, domin in ka koma kwalta da taya a sace zata yi zafi ta fashe.

Zaɓin ƙasa ya danganta da watan da hutunka ya faɗo. In tsakanin Nuwamba da Maris ne ni Oman zan ce maka, tazarar wurare gajera ce ga kwalta mai kyau, daga Maskat zuwa rairayin Wahiba awa uku ne ko ƙasa da haka, da rani kuwa zafi na haura digiri 40 kar ma ka fara. A hawan dutsen Jabal Akhdar akwai shingen 'yan sanda da basa barin kowace mota sai mai fowil, a gangarowa ka sa ƙaramar giya kar ka ƙona burki, kuma kada ku kwana a cikin busasshen kwari ko da sama wasai take, ruwan da aka yi can kan dutse yana iya sauko muku da dare. Namibiya kuwa Mayu zuwa Oktoba, sai dai a Yuni da Yuli sanyin dare a hamada na kaiwa kusan sifili, ku ɗauki barguna. Maroko ma ba laifi, kawai kar ka sa Aljeriya a lissafi, bodarsu a rufe take tun 1994.

TAMBAYA: Malam in mota ta lalace inda babu sabis ɗin waya ya ake yi? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Hajiya kafin a tashi a sauke taswira a waya wacce ke aiki ba intanet, a riƙe ta takarda ma, a kuma gaya wa masaukin da aka nufa hanyar da za a bi da lokacin isowa. Akwai ƙananan na'urorin tura saƙo ta tauraron ɗan'adam irin su Garmin inReach, amma a bincika dokar ƙasa, a Indiya ana kama mutum a kansu in babu izini. In ta lalace kowa ya zauna a wajen motar a yi inuwa a riƙa shan ruwa, kar maigida yace zai taka da ƙafa neman taimako da tsakar rana, masu nema mota suke hangowa daga nesa ba mutum ba.