Awon gishirin ƙasa: me ya sa sakamako biyu suka saɓa?

Tambaya: Ina da lambun albasa a Mirriya. Bana na ga farin ɓawo yana fitowa a bakin fangali bayan ban ruwa, kan ganyen kuma yana ƙonewa. Wani malamin gona ya auna ƙasar da ƙaramar na'ura ya sami 0.3, ɗakin bincike kuma ya ba ni 4.5. Wanne zan gaskata? Daga wani mai lambu, Mirriya.

Amsa: Malam, mai yiwuwa ne dukkansu sun yi daidai, domin ba ƙasar kanta ake aunawa ba, ruwan da aka jiƙa ta da shi ake aunawa. Ruwa mai gishiri ya fi saurin ɗaukar wutar lantarki, na'urar kuma wannan take karantawa da ma'aunin da ake kira dS/m, wanda lambarsa ke hawa idan gishirin ruwan ya ƙaru. Saboda haka yawan ruwan da aka zuba shi ke ɗaga lambar ko ya sauke ta.

Abin da malamin gona ya yi, bisa ga dukkan alamu, shi ne haɗin 1 da 5: a shanya ƙasa a inuwa, a tankaɗe ta, a zuba giram 20 cikin mililita 100 na tataccen ruwa, a girgiza sosai, a bari ta kwanta, sannan a tsoma na'urar. Hanya ce mai sauƙi da araha, amma ruwan ya yi yawa, ya tsinka gishirin. Ɗakin bincike kuwa kwaɓa ƙasar yake yi da ruwa kaɗan-kaɗan har ta yi ƙyalli kamar kullu, a bar ta ta jiƙa, sannan a tsotse ruwan da injin. Wannan ya fi kusa da abin da saiwa ke sha, kuma da shi ne masana na Amurka suka kafa ƙa'ida tun 1954 cewa ƙasar da ta wuce 4 mai gishiri ce. A ƙasar rairayi irin tamu ta Damagaram, lambar kwaɓin takan ninka ta haɗin 1 da 5 fiye da sau goma, wani lokaci har sau ashirin, a laka kuwa ninkin bai kai haka ba.

To, 4.5 ɗin nan ita ce abin damuwa, domin albasa takan fara rage yabanya da zarar an wuce 1.2 a awon kwaɓi, tumatir 2.5, dabino kuwa yana jurewa har 4. Ina roƙonka ka kai ruwan rijiyarka ma a auna: ƙasa da 0.7 babu matsala, sama da 3 kuwa kullum ka yi ban ruwa gishiri kake ƙara wa gonar, rana ta shanye ruwan ta bar shi a sama.

Kada ka manta da kanwa, wadda manoman kwarurrukan Gidimuni da Gure suka sani sarai. Awon lantarki kaɗai ba ya bambanta ta da gishiri, sai an auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, kuma idan ya haura 8.5 akwai zargin kanwa. Irin wannan ƙasa takan toshe, ruwa ya kwanta bai nutse ba, don haka wanke ta da ruwa mai yawa ba ya isa sai an haɗa da jibsam, wani farin ma'adini da ake gyara irin wannan ƙasa da shi, da kuma taki. In za ka sake kai samfur, kada ka kankaro farin ɓawon kawai. Ka haƙo daga sama zuwa zurfin santimita 30 a wurare da dama, ka kuma nemi a rubuta maka hanyar awon a jikin takardar.