Me ya sa ɗoɗɗoyar lambu ba ta kai ta daji ƙamshi ba?

Tambaya: Ina noman ɗoɗɗoya da tazargade a Dadin Kowa. Ina zuba NPK sosai, ganye ya yi faɗi, amma masu saye na cewa ƙamshin bai kai na daji ba. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, mai yiwuwa takin ne ya raba shukarka da abokin zamanta. A cikin ƙasa akwai wani naman gwari, dangin funfuna, da ake kira maikoraiza. Yana shiga saiwa, ya miƙa zaruruwa sirara inda saiwar ba ta kaiwa, ya jawo fosfaros da zinki da ruwa, shuka ta biya shi da sukari. Mafi yawan tsirrai haka suke rayuwa.

Ƙamshin ɗoɗɗoya da atimisinin, sinadarin tazargade da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, ana samar da su ne a ƙananan ƙulluttai da ke jikin ganye. Gwaje-gwaje sun nuna shukar da ke da maikoraiza takan ƙara yawan ƙulluttan, ko da yake ya danganta da irin shuka da ƙasar. To idan fosfaros, wanda ke cikin NPK, ya yi yawa, shuka ba ta bukatar abokin, sai ta hana shi shiga. Yawan yuriya kuma yakan ƙara ganye, amma ba lallai ya ƙara man da ke ba da ƙamshi ba. Zurfin huɗa na tsinka zaruruwan, wasu magungunan feshin funfuna na kashe su.

Ka rage supa (takin fosfaros) da NPK, ka koma takin gargajiya da ya ruɓe. Sannan ka yi irin maikoraiza da kanka: ɗebo ƙasa daga gindin ciyawar da ba a taɓa nomewa ba, zurfin taƙi ɗaya, ka gauraya da yashi a buhu, ka shuka masara ko dawa tare da wake. Bayan wata 3 ka daina ban ruwa, ka yanke karan, ka bar shi ya bushe mako 2. Daddatsa saiwar kamar santimita 1, ka cuɗa da ƙasar. Lokacin dashe, zuba cikin hannu guda a kowane rami, ya taɓa saiwa. Watsawa a sama asara ce.

Kada ka ɗebo daga gonar da ƙuduji ya kama, irinsa zai biyo ka. Kabeji da alayyafo ba sa hulɗa da maikoraiza, saboda haka kwamin da suka daɗe a ciki ya fi bukatar wannan haɗin.

Ƙamshi ba ma'aunin ƙarfin magani ba ne. Mai zazzaɓin cizon sauro asibiti zai je, ba shayin tazargade ba.