Ƙanin mijina ya ce kuɗin banki nasa ne

Tambaya: Barista, mijina ya rasu ya bar ni da maza biyu da mace ɗaya, babbansu shekara 11. Mahaifiyarsa tana raye, mahaifinsa ya riga shi. Yanzu ƙaninsa ya ce kuɗin banki nasa ne, tunda shi marigayin ya rubuta a fom a gurbin ɗan uwa mafi kusa. Ina makomar yarana?

Daga wata uwar marayu, Kano

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Malama, wannan gurbin na fom bai mallaka wa kowa ko sisi ba, amfaninsa a san wanda za a nema idan wani abu ya faru. A shari'ar Musulunci kuwa, muddin mamaci ya bar ɗa namiji, ƙaninsa ba ya gado.

Kafin rabo, za a cire kuɗin jana'iza da bashi, sannan wasiyya idan akwai, kada ta wuce sulusi, wato ɗaya bisa uku na dukiyar. A ce naira 2,400,000 ce ta rage. Ke kina da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, 300,000. Surukarki tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, 400,000. Sauran 1,700,000 a kasa biyar: kowane namiji 680,000, macen 340,000. Wannan yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Idan kina da juna biyu ki faɗa wa alƙali, domin ana ajiye wa cikin rabonsa.

Banki ba zai saki kuɗi don taron dangi a zaure ba. Yawanci yakan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun jiha, haka ma kamfanin fansho. Ki tanadi takardar shaidar mutuwa, ta aure, da ta haihuwar yaran, ki shigar da maganar rabo a kotun Shari'a. Ko da sunan ƙanin ya shiga takardar izinin, amana ya riƙe, kuma kina da damar ƙalubalantarsa.

Inda na fi ganin ana cutar marayu shi ne bayan rabo, a ce "kawu zai juya musu". Ki roƙi alƙali a rubuta kason kowane yaro da sunan wanda zai riƙe, a buɗe musu asusu. Kuma kada ki sa hannu a wata takarda don kunyar surukai kafin lauya ya karanta miki.