Tambaya da Amsa: Sofiya da Safiya, shin suna ɗaya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki warware min wata magana da ta hana gidanmu sakat. Cikina wata takwas yanzu, sikanin ya nuna mace ce, maigida yana so a sa mata Sofiya. Hajiyarsa ta yi murna wai ai Safiya ce sunan mahaifiyarta kawai dai 'yan boko ne suke lanƙwasa shi, shi kuma kawuna ya ce sam, Sofiya sunan Kiristoci ne kar mu soma. Ni gaskiya ina son sunan amma kaina ya kulle. Meye asalinsa? Daga ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya ya raba lafiya. Kai tsaye zan faɗa miki, Sofiya daban Safiya daban, kamar da suka yi a kunne ce kawai take ruɗa mutane, kuma ba gidanku kaɗai ba, na sha ganin yarinya an yi mata huɗuba da Safiya tana shiga sakandare ta koma rubuta Sophia a bayan littafinta tana zaton zamanantar da sunan ta yi, alhali suna ta canza gaba ɗaya ba ta sani ba.

Safiya Larabci ne, ma'anarsa tsarkakakkiya ko zaɓaɓɓiya, tushensu ɗaya da Mustafa. Sunan Uwar Muminai ne Safiyya bint Huyayy wadda Annabi (SAW) ya aura bayan yaƙin Khaibara shekara ta 7 bayan hijira, kuma sunan gwaggonsa ne Safiyya 'yar Abdul Muɗɗalib, mahaifiyar Zubairu bin Awwam. Wannan shi ne sunan da Hajiya take nufi.

Shi kuwa Sofiya daga harshen Girkanci ya fito, ma'anarsa hikima. Kin san kalmar falsafa da muka aro wurin Larabawa? To su ma wurin Girkawa suka aro ta, asalinta filosofiya wato son hikima, kin ga sofiyar tana maƙale a wutsiyar kalmar, ashe mun daɗe muna furta ta a bakinmu ba mu lura ba. Kalmar ta girmi addinin Kirista da ɗaruruwan shekaru, tun zamanin masanan Girka su Aflatun da Aristo ake amfani da ita a birnin Atina.

Amma kawu ma bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, domin ta hannun Kiristoci sunan ya bazu a Turai. A cocin gabas suna girmama wata waliyyiyarsu mai suna Sofiya da aka ce an kashe 'ya'yanta mata uku a Rum saboda addininsu, suna tunawa da ita duk 17 ga Satumba. Sai kuma babban ginin nan na Istanbul, Aya Sofiya, wanda ni dai duk lokacin da na ga hotonsa sai jikina ya yi sanyi. Sarki Justiniyan ne ya gina shi a matsayin coci aka gama a 537, sunan yana nufin hikima mai tsarki, ba sunan wata mata ba ne kamar yadda wasu suke zato. Da Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453 sai ya mayar da shi masallaci, aka yi kusan shekara ɗari biyar ana salla a ciki, zamanin shugaban Turkiyya Ataturk aka mayar da shi gidan tarihi, a watan Yuli 2020 kuma ya sake komawa masallaci. Abin da nake so ki lura da shi, duk tsawon mulkin sarakunan Usmaniyya na Turkiyya da malamansu ba su goge sunan ba, har yau Turkawa Ayasofya suke cewa. Babban birnin Bulgeriya ma Sofiya ake ce masa, daga sunan wani tsohon coci da ke garin.

Gidajen sarautar Turai su suka ƙara wa sunan Sofiya farin jini. Akwai Sofiya ta Hanoba a Jamus, mahaifiyar Sarki Joji na farko da ya hau gadon Birtaniya a 1714, akwai Sarauniya Sofiya ta Sifen wadda ita kanta a Girka aka haife ta a 1938. A Amurka shi ne ya zo na ɗaya a sunayen jarirai mata shekara uku a jere, 2011 da 2012 da 2013, a Italiya ma ya daɗe a sahun gaba. Har mutum-mutumin nan mai magana da Saudiyya ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2017 Sofiya aka sa masa. Ina ga abin da ya sa yake tafiya ko'ina shi ne ba ya wahalar faɗa a kowane baki, Bature da Balarabe da Bahaushe duk za su kira shi ba gargada.

Batun halacci kuwa ki sa maigida ya je wurin malamin da kuka yarda da shi su zauna. Ni abin da na sani, Annabi (SAW) ya canza sunayen da ma'anarsu ba ta da kyau, amma kasancewar suna ba na Larabci ba ne kaɗai ba ya haramta shi, ai Ibrahim da Ishaƙa ba Larabci ba ne asalinsu. Hikima kuwa abin so ce a wurin kowa.

Sai dai abin da ya fi damuna a wasiƙarki ita ce Hajiya. Baiwar Allah tana can tana murna za a yi wa mahaifiyarta takwara, in kuka bar ta a haka kuka je kuka rubuta Sophia a takardar haihuwa, wallahi ranar da ta gane ba za ta ji daɗi ba, kuma da gaskiyarta. Ku same ta tun kafin ranar suna ku faɗa mata sunaye biyu ne. In ra'ayina kike so, ku sa Safiya ku faranta mata, ga lada ga sunan matar Annabi, in Allah ya ƙara kawo wata mace sai a sa Sofiyar. Kuma duk wanda kuka zaɓa a rubuta shi iri ɗaya a takardar haihuwa da NIN da rajistar makaranta, harafi ɗaya tak yana iya sa yarinya zarya kotu neman takardar rantsuwa lokacin JAMB ko fasfo.

TAMBAYA: Anti ni sunana Soniya, daga Kafanchan. Kullum ana ce min sunan Indiya ne, haka ne?

AMSA: 'Yata, sunanki 'yar'uwar Sofiya ce ciki ɗaya. Rashawa ne suke taƙaita Sofiya su ce Sonya, kamar yadda mu muke mayar da Aishatu Shatu ko Fatima Fati, daga can ya bazu Turai. A Indiya ma ana sa shi sosai shi ya sa mutanenmu suke jingina shi da su, amma ko Soniya Gandhi da aka fi sani a can a Italiya aka haife ta a 1946. Ma'anar sunanki hikima.